Wong Fei-hung da Ip Man: nawa ne gaskiya a finafinan da aka yi kan rayuwarsu?

Ɗan Kallo ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka riga mu sanin finafinan Hong Kong za su warware mini ita. A 'yan makonnin nan na zauna na kalli finafinai huɗu da Donnie Yen ya fito a matsayin Ip Man, tun daga na 2008 har zuwa na 2019, sannan na koma baya na nemo waɗanda aka yi kan Wong Fei-hung. A nan ne kaina ya ɗaure. A fim ɗin Jackie Chan na 1978, wato Drunken Master, Wong yaro ne mai ƙiriniya wanda ya gagari mahaifinsa har aka miƙa shi ga wani tsoho mashayi don ya horar da shi. A fim ɗin Jet Li na 1991 kuwa, wannan sunan dai na wani mutum ne mai kamun kai, mai magani, wanda damuwar ƙasarsa ta hana shi sukuni. Babu abin da ya haɗa halayen biyu sai suna.

Tambayata ita ce, shin waɗannan malaman kunfu biyu sun rayu da gaske, kuma idan sun rayu, wane ɓangare na abin da muke gani ne tarihi, wane ɓangare ne ƙarin gishirin masu shirya fim? Sannan me ya sa masu magana da harshen Kantonis, wato harshen mutanen Hong Kong da lardin Guangdong na ƙasar Sin, suke ta maimaita labarin mutum ɗaya shekara da shekaru ba su gaji ba? Ina son amsa daga wanda ya san al'amarin sosai, domin finafinan sun shiga raina, kuma ba na son in riƙa ba wa ƙannena labarin ƙage a matsayin tarihi.

Dattijon Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma zan tsaya a kan Wong Fei-hung domin shi ne na fi daɗewa ina bibiya.

Wong ya rayu da gaske. An haife shi a 1847 a yankin Foshan da ke lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, kuma mahaifinsa Wong Kei-ying yana cikin gwanaye goma da mutanen lardin suke yi wa laƙabi da damisoshin Guangdong. Salon da ya ƙware a kai shi ne Hung Gar, wanda ya dogara da ƙarfin dantse da tsayuwa ƙasa-ƙasa kamar mai hawan doki. Amma abin da masu kallo da yawa suke mantawa shi ne sana'ar da yake ci da ita. Maɗori ne, mai gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, kuma yana da ɗakin magani a birnin Guangzhou mai suna Po Chi Lam. Ya kuma yi aiki da rundunar Liu Yongfu, wadda ake kira Rundunar Baƙar Tuta, yana duba lafiyar sojoji yana horar da su. Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba, domin ɗakin maganin ya ƙone a 1924 lokacin rikicin da aka yi tsakanin dakarun 'yan kasuwar Guangzhou da gwamnatin Sun Yat-sen, shi kuma ya rasu a 1925 cikin ƙuncin rayuwa. Kusan babu fim ɗin da ya kai labarinsa zuwa wannan gaɓa.

To, ta yaya maɗorin da ya rasu cikin talauci ya zama mutumin da aka yi finafinai fiye da 100 a kansa? Amsar tana wurin almajiransa. Babban ɗalibinsa Lam Sai-wing, wanda mahauci ne mai sayar da naman alade kafin ya shahara, ya koma Hong Kong ya buɗe makaranta. Wani ɗalibin Lam mai suna Chu Yu-chai ya riƙa rubuta labaran Wong, rabi abin da ya ji daga bakin malaminsa, rabi abin da alƙalaminsa ya ƙawata. Daga waɗannan labarai ne darakta Wu Pang ya shirya fim na farko a 1949, ya ɗauko Kwan Tak-hing, ɗan wasan dandalin gargajiya na Kantonis, ya ba shi matsayin Wong. Kwan ya fito a wannan matsayi a finafinai fiye da 70, kuma a 1956 kaɗai an fitar da guda 25. Ka duba shekarar farawa da kyau. A 1949 ne 'yan gurguzu suka karɓi mulkin Sin, jama'a masu ɗimbin yawa suka tsallaka daga Guangdong zuwa Hong Kong da ke hannun Birtaniya. Mutanen da suka baro gidajensu suna shiga silima su ga gidajen shan shayi irin na garinsu, da rawar zaki, da harshensu, da dattijo mai ja wa yara kunne. A ganina wannan kewar gida ita ce ta ciyar da jerin finafinan, fiye da son ganin naushi.

Wong na Kwan Tak-hing shi ne tushen da kowa ya gina a kai, ko ya bi shi ko ya saɓa masa. Mutum ne mai haƙurin gaske wanda za a tsokana sau uku yana ba da baki, almajiransa masu zafin kai su jawo rigima, shi kuma ya je ya ba da haƙuri a madadinsu. Sai an kai shi bango yake ɗaga hannu, kuma idan ya kayar da abokin gaba, yawanci ba ya kashe shi. Yakan tsaya ya yi masa nasiha, wani lokaci ma ya ɗora masa ƙashin da ya karya. Shek Kin, wanda daga baya duniya ta san shi a matsayin mugun da ya kara da Bruce Lee a Enter the Dragon a 1973, shi ne ya fi fitowa a matsayin abokin gabar, har sunansa ya zama abin da mutanen Hong Kong suke kiran duk wani maƙetaci da shi.

Idan kana son ganin wannan hali a fim mai sauƙin samu, ka nemi The Magnificent Butcher na 1979, inda Sammo Hung ya fito a matsayin Lam Sai-wing, Kwan kuma ya dawo matsayinsa yana da shekara fiye da 70. Akwai wurin da wani malamin kunfu ya shigo a fusace ya tarar da Wong yana rubutu da alƙalamin gashi. Wong bai ajiye alƙalamin ba. Yana kare hari yana tsoma shi a tawada, yana kauce wa yatsun da ke neman maƙoshinsa yana ƙarasa harafi, har ya kammala jimlar da ke nuna cewa mai tausayi ba a rinjayarsa. Na kalli wannan wuri ban san iyaka ba, kuma har yau ina ganin ya fi faɗace-faɗace da yawa da ake tashi sama ana rushe bango.

Yanzu bambancin da ya ɗaure maka kai zai fito fili. A 1978 masu kallo sun riga sun haddace dattijon nan mai wa'azi, don haka Yuen Woo-ping, daraktan Drunken Master, ya juya shi ya nuna shi a ƙuruciya yana tsiyataku, kuma daɗin fim ɗin ga mutanen Hong Kong yana cikin sanin da suka yi wa dattijon da yaron zai zama. Tsohon da ya horar da shi a fim ɗin, Yuen Siu-tien, mahaifin daraktan ne, kuma ya yi aiki a tsofaffin finafinan Kwan. Darakta Tsui Hark kuwa ya yi Once Upon a Time in China, wato fim ɗin Jet Li ɗin nan, a 1991, lokacin da aka riga aka tsayar cewa Hong Kong za ta koma hannun Sin a 1997, mutane suna cikin zulumin ko su waye su. Shi ya sa nasa Wong yake tsaye tsakanin bindigar Turawa da ruɓewar masarautar Qing da ke mulkin Sin a zamaninsa, yana tambayar amfanin naushi a gaban harsashi. Kowane zamani ya ɗinka wa Wong rigar da ta dace da damuwarsa.

Malama Mai Nazari ta amsa:

Baba Dattijo ya gama magana a kan Wong, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora da Ip Man, wanda lamarinsa ya fi sauƙin tantancewa domin ya rayu har zamanin hoto da bidiyo, kuma 'ya'yansa da ɗalibansa sun ba da labarinsa.

An haife shi a Foshan a 1893 a gidan masu hali, ya fara koyon salon kunfu na Wing Chun yana yaro a wurin Chan Wah-shun, sannan ya yi karatu a kwalejin St. Stephen's da ke Hong Kong kafin ya koma gida. Gaskiya ne cewa sojojin Japan sun mamaye Foshan a 1938 kuma iyalinsa sun shiga wahala bayan wadata. Amma Janar Miura da ya yi karon ƙarshe da shi a fim ɗin 2008 ƙirƙira ce, haka ma karon da ya yi da mutum goma a lokaci ɗaya. Babban abin da fim ɗin ya karkatar shi ne dalilin hijirarsa. An nuna kamar ya tsere zuwa Hong Kong ne daga hannun Japanawa, alhali ya bar Foshan a 1949, bayan an gama yaƙi da Japan da shekara huɗu, domin ya yi aikin ɗan sanda a ƙarƙashin gwamnatin jam'iyyar Kuomintang da 'yan gurguzu suka kora. Ina ganin ba ɓoyayyen abu ba ne cewa fim ɗin da ke neman kasuwar babban yankin Sin ya fi samun sauƙin sa abokin gaba ya zama baƙo daga waje.

A Hong Kong ya fara koyarwa a ofishin ƙungiyar ma'aikatan gidajen abinci, kuma ɗalibansa na farko masu dafa abinci ne da masu hidima, cikinsu har da Leung Sheung. Bruce Lee ya shiga makarantarsa yana matashi a tsakiyar shekarun 1950, kuma babban ɗalibi Wong Shun-leung ya taka rawa sosai wajen horar da shi, kafin ya tafi Amurka a 1959. Ɗan damben Ingila na fim na biyu, da mutumin da Mike Tyson ya fito a matsayinsa a na uku, duk ƙagaggu ne. Fim na huɗu ya kai shi San Francisco, alhali bai taɓa taka ƙasar Amurka ba, ko da yake nunin da Bruce Lee ya yi a gasar Long Beach a 1964 ya faru da gaske. Ip Man ya rasu ranar 2 ga Disamba 1972 sakamakon ciwon daji na maƙogwaro, Bruce Lee kuma ya bi shi a watan Yuli na 1973.

Duk da haka ba na yarda a yi watsi da finafinan don sun ƙara gishiri. Ka tuna wurin nan na fim na farko, bayan ya gama da mutum goman nan, aka jefa masa buhunan shinkafa a matsayin lada. Bai kalle su ba. Buhun da ya ɗauka shi ne wanda jinin abokinsa malami ya ɓata, kuma ya kai shi gidan mamacin. Wannan bai faru a tarihi ba, amma yunwa da wulaƙancin da mutanen kudancin Sin suka sha a lokacin mamayar sun faru, kuma fim ɗin ya sa mai kallo ya ji su a jikinsa.

Almajirin Kunfu ya amsa:

Malama, na amfana da bayaninki ƙwarai, amma ki yi mini afuwa, ban gamsu da sakin layinki na ƙarshe ba. Ni ina koyon Wing Chun shekaru da dama yanzu, kuma abin da yake damuna shi ne labarin gaskiya ya fi na ƙagen nauyi, sai aka bar shi. Matar Ip Man, Cheung Wing-sing, ta kasance a Foshan lokacin da aka tsaurara iyaka tsakanin Hong Kong da babban yankin a 1951, kuma ta rasu a can a 1960 ba tare da mijinta yana kusa ba. Fim na uku ya sa ta rasu a Hong Kong yana jinyarta. Wanne ya fi taɓa zuciya, mutumin da ya zauna a gefen gadon matarsa, ko mutumin da iyakar ƙasa ta raba shi da ita shekara tara har mutuwa ta zo? Fim ɗin Herman Yau na 2013, The Final Fight, wanda Anthony Wong ya fito a ciki, ya fi kusantar wannan dattijo mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a ɗakin haya cikin talakawan Hong Kong, amma bai samu rabin shaharar na Donnie Yen ba.

Haka batun salon faɗa. Jet Li zakaran wushu ne, wato kunfu na gasa da nuni, da ya tashi a Beijing, kuma tsalle-tsalle da jujjuyawar da yake yi a kan tsani sun yi nisa da Hung Gar, wanda ƙafa ba ta cika barin ƙasa ba. Shurin da ake dangantawa da Wong, wanda ake cewa ba shi da inuwa, asalinsa shuri ne gajere mai sauri da ake kai wa ƙasa yayin da hannu ya ɗauke hankalin abokin karo. A fim ya zama mutum yana shawagi a iska yana kai shuri sau bakwai. Wanda yake son ganin Hung Gar na ainihi ya nemi ayyukan Lau Kar-leung, domin mahaifinsa Lau Cham ɗalibin Lam Sai-wing ne, ka ga silsilarsa tana komawa ga Wong kai tsaye. Shi ya shirya Challenge of the Masters a 1976, inda Gordon Liu ya fito a matsayin Wong yana matashi, kuma yawancin fim ɗin horo ne da haƙuri.

Akwai abu ɗaya da nake ganin dukkan finafinan nan sun faɗi gaskiya a kansa, wato matsayin malami. Kalmar sifu da kuke ji, a rubutun da ake amfani da shi ga malamin da ya karɓe ka, harafinta na biyu yana nufin uba. Wanda ya riga ka shiga makaranta yayanka ne ko da ka girme shi, matar malami uwa ce, malamin malaminka kaka ne. Ranar da ake karɓar ɗalibi na jiki, yakan durƙusa ya miƙa ƙoƙon shayi da hannu biyu, idan malamin ya karɓa ya kurɓa, to an ƙulla. A horonmu akwai atisayen da mutum biyu ke manna dantse da dantse suna jujjuyawa, kowa yana sauraron motsin ɗan'uwansa ta fata, wani lokaci ido a rufe. Ba a koyonsa daga littafi, dole sai hannun wanda ya iya ya taɓa naka. Saboda haka ne ma na fi daraja gajeren faifan da aka ɗauka na Ip Man gab da rasuwarsa, yana rame, yana nuna darussan salon da aikin gunkin katakon da ake atisaye da shi don kada a canza su a bayansa.

Dattijon Majigi ya sake amsawa:

Ɗana Almajiri, maganarka a kan matar Ip Man gaskiya ce, kuma na ji daɗin da ka kawo silsilar Lau. Zan ƙara abu ɗaya da ya shafi harshe, tunda mai tambaya ya ambaci Kantonis. Finafinan Kwan Tak-hing na talakawa ne, masu arha, da harshen titi. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Shaw Brothers da finafinansa masu kala na harshen Mandarin, wato harshen hukuma na ƙasar Sin, suka danne su, har a 1972 ba a fitar da fim ko ɗaya da Kantonis ba, kuma finafinan farko da Bruce Lee ya yi bayan dawowarsa ma da Mandarin aka fara nuna su. Daga 1973 harshen ya fara dawowa, kuma finafinan barkwanci na kunfu irin na Jackie Chan da Sammo Hung sun taimaka wajen tabbatar da shi.

Shawarata ita ce ka nemi kwafin da aka bar muryoyin asali aka sa fassara a ƙasa. A fim ɗin Wong Kar-wai na 2013, The Grandmaster, Tony Leung yana magana da Kantonis a matsayin Ip Man, Zhang Ziyi tana mayar masa da Mandarin a matsayin 'yar malamin arewa, kuma wannan tazara tsakanin kudu da arewa ita ce ƙashin bayan labarin. A fim ɗin 2008 ma akwai tafintan da ke tsakanin Ip Man da Japanawa, wanda yake sassauta magana don ya kare rai. Idan aka ɗora wa kowa murya da harshe ɗaya, duk wannan ya ɓace.

Ɗan Kallo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo, Malama da Yaya Almajiri, Allah ya saka da alheri. Ban taɓa sanin cewa Wong maɗori ne da ɗakin maganinsa ya ƙone a ƙarshen rayuwarsa ba, kuma labarin matar Ip Man ya tsaya mini a rai tun da na karanta shi. Zan fara da The Magnificent Butcher domin in ga wurin rubutun nan da idona, sannan in bi da The Final Fight da muryoyin asali. Yaya Almajiri, idan ka samu sarari, ina roƙon ka yi mana bayani a kan gunkin katakon nan mai hannu uku da ƙafa ɗaya, da abin da kowane hannu yake koya wa ɗalibi, domin a fim ƙararsa kawai muke ji.